Kwana Ashirin a Tsallaken Kogi

Shu'ibu ya kafa bukkar kaba a gindin wata giginya, ya ɗaure jakinsa, ya zauna yana kallon garinsu a tsallaken kogin Haɗeja. Wata bakwai ya yi a Kukawa yana fataucin kanwa. Ga gida ido na gani, amma babu jirgi ko ɗaya a mashigi.

Ranar da ya iso, ya hango zanen saƙin da ya saya wa matarsa Saude a can bakin gaɓa, an lulluɓa shi har ka. Murya ta ratso ruwa: "Maigida, kada ka haye! Dorina ta haihu a mashigi, ta farfasa jirage. Ka dakata sai ta tashi!"

Da fari abin ya yi masa daɗi. Mutumin da ya sha rairayin Barno, yau ga inuwa ga ruwa. Ya jefa fatsa, ya gasa tarwaɗa, ya miƙe ƙafa yana kallon tsuntsayen dinya na sauka a fadama. Sai dai kifi ba ya hira, jakin ma ba gwanin zance ba ne.

Kullum da hantsi mai zanen takan fito bakin gaɓa, ta ce, "Da saura," ta juya. Ba ta tambayi gajiyar hanya ba, balle zolayar da ta saba yi masa. Dorinar ma ko kunnenta bai gani ba. Garin ya yi tsit, ba a jin daka. Kaɗaici ya ishe shi, har zuciya ta fara raya masa abin da ya fi tsoro: ko Saude ta gaji da shi ne?

A rana ta ashirin ya kifa cikinsa a kan gora, yadda masunta ke yi, ya haye.

Sababbin kaburbura ya fara tararwa, jere a bayan gari. Ya iske mai zanen zaune a ƙofar gidansa, ta ba shi baya.

"Cutar agana ce ta shigo mana," in ji ta. "Yanzu ta lafa. Babu wata dorina, mu muka janye jiragen."

"Shi ne kika ɓoye mini, Saude? Da na sani, ko da iyo sai na zo gare ki!"

"Haka ta ce za ka yi."

Ta yaye lulluɓin. Ramatu ce, ƙanwar matarsa, fuska duk zanzana.

"Yaya ta rasu kwana uku kafin ka iso. Ita ta sa na rantse zan zama ita, har ciwon ya wuce."