Rubutun da ke Bayan Hoto

"Inna Falmata, ke kaɗai ce ba ki tafa ba," na ce mata.

Rilwanu ya gama nuna mana shafin intanet da ya haɗa wa ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a Auyo ke nan. Ni ne shugaba, ni na ɗauko shi daga Haɗeja. Shafin na buɗewa a kowace waya, hotunanmu tar. Amma Inna Falmata, wadda ta makance shekara goma da suka wuce, ta manna waya a kunne tana ta tsaki.

Haushi ya kama ni. Mutum ya yi ɗawainiya, tsohuwa na yatsina fuska!

"Gwadabe, ku hoto kuke gani," in ji ta. "Ni wayata ce ke karanta min. Kowane hoto akwai bayanin da ake rubuta masa a ɓoye saboda irina. Rilwanu ya ɗauka babu mai ji. Saurara."

Ta ƙara sauti. Hausar wayar a karye, amma sarai muke ji:

"Ƙauyawa a kwalekwale, sai warin kifi."

Ta shafa wayar zuwa hoto na gaba. "Tsohuwar makauniya, na saka ta don a ji tausayi."

Rilwanu ya fara laluben makullin mashin. Na ce, "Inna, ƙila kuskure ne."

"To mu ji naka."

Ta kai kan hotona mai babbar riga.

"Shugabansu. Ko me na nuna masa, tafi zai yi."

Har lokacin hannuna bai daina raɗaɗin tafin da na yi masa ba.