Jajayen na Jael

Na zazzage ledojin biyu a kan faranti.

Maigidana Badaruddeen ne ya shigo da su. Aikinsa duba magungunan gargajiya na Sin a wani kamfani a nan Doha. 'Ya'yan goji ne, masu kama da zabibi.

"Baƙar ledar taki ce, Barira, ki riƙa jiƙawa kina sha. Shuɗiyar ta Jael ce, kar ki taɓa."

Jael ɗin nan ta wurin aikinsu, kullum sunanta a bakinsa. Nata jajaye ne jawur, manya, suna sheƙi. Nawa kuwa duk sun yamutse, sun yi duhu. Wato ni ce ta cin saura.

Ban iya tambaya ba, ban taɓa iyawa ba. Na musanya su, na ɗaure ledojin yadda na same su.

Ran Alhamis ya dawo gidanmu a unguwar Al Aziziya yana ta murmushi.

"Khalas, shi ke nan, an wanke ɗan kasuwan da ya shigo da gojin daga zargi. Jael ta gwada a ɗakin gwaji, ba komai a ciki."

"Gwada me, Yaya?"

"Jajayen nan mana. Kyansu ya yi yawa, na rantse an rina su, an turara da farar wuta. Na gaske ai irin naki ne, munana. Ashe idona ne ya fara tsufa. Na sa hannu, an raba kwantenar jajayen duka a shaguna."

Ya zauna, ya miƙo hannu wajen kofina.

"Me kike sha haka, ja kamar zoɓo?"