Sarauniyar da Na Fitar da Wuri

A shekarar 1971 na fara ganinta, a shagon mahaifinta mai gyaran agogo. Ranar da na je neman izinin turo magabatana, tsohon bai ce mini e ko a'a ba. Sai ya ture agogunan da ke kan tebur, ya jera allon ces, darar nan mai sarki da sarauniya.

"Uwata ta ce ka iya wasan. Zauna, Malam."

'Yar tasa, wadda yake kira Uwata, tana tsaye a ƙofar ciki, hannunta riƙe da labule. Don in burge ta, na fito da sarauniyata tun farkon wasa, na ɗana tarkon da nake kama ɗalibaina da shi. Tsohon ya dube ni ta saman tabarau.

"Tarkon 'yan firamare ka kawo wa mai furfura?"

Ya yi ta korar sarauniyar da ƙananan sojoji, har dokinsa ya ritsa ta tare da sarkina. Ya ɗauke ta ya ajiye a gefe. Gumi ya jiƙa mini wuyan riga, na kasa duban ƙofar.

"Wanda ya jefa sarauniyarsa cikin haɗari don a yaba masa, yaya zai yi da 'yar mutane?"

Na miƙe ina laluben hulata.

"Baba," ta ce a hankali, "kai fa, ranar da ka je gidan su Mama?"

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya mayar da sarauniyar gidanta na farko, ya janye sojojinsa.

"Ni ma kakanki ya bar ni na sake," in ji shi. "Zauna, yaro. Fara da doki."