Buhu Biyu da Matuƙi Ya Farke

Ranar Talata, bakwai ga watan Sha'aban, bayan la'asar, abin nan ya fara. A riƙe ranar da kyau, don masu son rufa-rufa sukan ce sun manta.

A wani gari na bakin tafki akwai mutum shida, masunta da manoma, masu kwale-kwale ɗaya mai zane, irin wanda ake ɗinkawa da buhunan gari, a ɗaura wa gora, iska ta tura. Duk shekara in an yi tseren garuruwan bakin ruwa sukan shiga, duk shekara kuma su ne na ƙarshe ko mai bi masa. Babbansu wani matuƙi ne da ya shekara goma sha tara zaune a bayan jirgin, kuma bai taɓa rasa wanda zai ɗora wa laifi ba: in ba iska ba ce, to alƙalan tsere ne. A wannan Talatar wani tela, wanda ko iyo bai iya ba, ya tsaya a gaɓa yana kallon gwajinsu, ya ce wa matuƙin, "Baba, zanenku yana kama iska ta gaba yana zubar da ita ta wajen ɗinki. Ku ba ni shi kwana biyu." Mutanen suka ba shi. Daga ranar tuwo ya daina yi wa matuƙi daɗi.

Tela ya farke zanen ya sake ɗinka shi da zare biyu, buhu takwas cif. Ya sa suka kifa jirgin suka kankare gansakukar da ta shekara a gindinsa. Ya lura in iska ta juya su shida ke ihu a lokaci ɗaya, ya ce a bar wa mutum ɗaya magana, kuma a lura da wannan: matuƙin ya zaɓa, ba kansa ba. Ya koya musu su koma gefe ɗaya gaba ɗaya in jirgi ya karkata. Cikin mako uku, tafiyar da ke cin su daga la'asar zuwa magariba suka riƙa gamawa rana tana sama. A kasuwa aka fara cewa "jirgin tela". Kalmar nan ta tsaya wa matuƙi a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Shekara goma sha tara, tafin hannu duk kanta, sai mai allura da ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba ya zo ya ɗauke suna? Kaye bai taɓa damunsa ba. Nasarar da ba ta zo ba tukuna ita ta ramar da shi.

Ana gobe tsere, da azahar, jama'a duk suna kasuwa, ya shiga rumfar da ake ajiye zanen, ya farke buhu biyu daga sama, ya naɗe bakin. Da safe aka ɗaga zane aka ga ya gajarce. Tela ya duba ya ce, "Ba haka na bar shi ba." Matuƙi ya ɗaga murya don a ji: "Ai dama mai ɗinka wando ya shiga harkar ruwa, abin da za a gani ke nan." Ba lokacin gyara, suka tashi, kuma a baya suke kamar kullum. A tsakiyar tafki hadari ya taso daga gabas. Masu manyan zannuwa iska ta fi ƙarfinsu: jirgi biyu suka kife, gorar ɗaya ta karye, sauran suka sauke zane suka koma tuƙi da hannu. Nasu ɗan guntun ya ɗauki daidai abin da jirgi zai iya. Mutanen suka koma gefe ɗaya kamar yadda aka koya musu, hannun matuƙi kuma ya yi aikin da ya saba ba tare da ya shawarci zuciyarsa ba. Su suka fara taɓa gaɓa.

Jama'a suka ɗaga tela sama suna cewa ya hango hadari shi ya sa ya rage zane. Yana rantsuwa ba shi ba ne, ba mai saurarensa. Matuƙi ya jure har ya kasa.

"Ƙarya ne! Ni na rage shi! Ni, da wuƙata, jiya da azahar!"

Sarkin ruwa ya dube shi ya ce, "Jiya sama tas take, Malam. Me ka hango da ka rage?"

Tela ya sa aka sauke shi, ya ce, "Baba, mazauninka na baya ban taɓa nema ba. Amma a gaban mutanen nan ka ɓata aikina da safe, a gabansu nake so ka janye, da bakinka."

Kuma gaskiyarsa ce. Wanda ya ɓata mutum a fili ba a soro zai nemi gafara ba. Har yau matuƙi bai janye maganar ba, har yau sauran biyar ɗin ba su bar shi ya koma bayan jirgin ba, sunan tela kuwa ya ƙetare tafki. Shi ya sa Hausawa suka ce: hassada ga mai rabo taki ce.