Hanyar Yashi Zuwa Tasha

"Mama, ina hanyar take?" matar soja ta tambayi tsohuwar maƙwabciyarta.

Da rani mijinta soja ya kama gidan nan, da aka maido shi Zuru. Haya da sauƙi, ga coci kusa, ga faffaɗar hanyar yashi da yara ke wasa a kai har bakin tasha.

Yau da hantsi aka tafka ruwa a kan duwatsu. Yanzu jan ruwa ke ruri a ƙofar gida.

"Wace hanya, ɗiyata? Rafi ne. Ba wanda ya gaya muku?"

Can tsallake, 'yan biyun matar sojan da suka tafi tasha taryen babansu suna ɗaga mata hannu, suna naɗe ƙafar wando.