Ɗaurin Haɓa

Da asuba na kama matata tana kwance ƙyallen da na ɗaure haɓata.

Likita ne ya ce in riƙa ɗaurewa in zan kwanta, don injin numfashin da ya haɗa ni da shi saboda minshari yana busar da buɗaɗɗen baki. Ni ladani guda a unguwar Dukawuya, muryata ta koma ta zakara mai mura, har ana raɗe-raɗin canza ni.

"Sannu da aiki, babbar likita," na ce. "Ashe ke ce kike shanya mini maƙogwaro."

Ta ninke ƙyallen.

"Malam, ba minshari, ga haɓa a ɗaure. Haka aka yi wa Baba kafin a sa masa likkafani. Su canza ka ɗin."