Girkin Uwargida

Laifinsa ɗaya, cika baki. Kullum ƙarfe ɗaya yana ɗaukar makullin mota sai abokan aiki su taso shi a gaba: "Oga, wai me ake ba ka a gidan nan?"

"Girkin uwargida," in ji shi, yana hararar mai abincin bakin ofis. "Cikina ba ya karɓar na titi."

Ranar Talata, a gabansu, mai abincin ta ƙwanƙwasa masa gilashin mota, riƙe da kular da shi da kansa ya sayo wa matarsa.

"Oga, taimaka ka tafi wa Hajiya da wannan. Yau mai babur ɗinmu bai zo ba."

Shekara shida ke nan yana ratsa gari don ya ci abin da ake dafawa ƙarƙashin tagar ofishinsa.